Mutumin da Ya Zo Sauraron Layinmu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya ƙalau, kai da matarka Anti da yaran nan biyu. Allah ya ƙara muku juriyar zaman nesa, ya sa wa aikinka albarka, ya yaye maka ciwon bayan da Anti ta ce doguwar tsayuwa tana tayar maka, ko da yake kai kullum cewa kake yi ba komai. Mu ma nan muna lafiya, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, yanzu da kanta take fitowa tsakar gida ta zauna a kujerar nan taka mai karyayyen hannu, wadda ta hana kowa ya jefar. Ƙaninmu Auta ya kama aiki a wurin buga takardu, kullum yana dawowa da tawada har gwiwar hannu, Inna tana tsokanarsa wai duk karatun nan ashe rini ya je koyo. An gyara rufin ɗakin baya kafin ruwa ya sauko. Ɗalibaina na ajin ƙarshe kuwa sun sa ni a gaba da shirin jarrabawa, kuma bana Allah ya ba ni yara masu kaifin kai, har nakan ƙosa gari ya waye in je in same su.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. Ai na san halinka tun muna yara: kafin mutum ya kai tsakiyar magana ka riga ka yanke hukunci, ka miƙe kana neman takalmi. Wannan maganar kuwa tana son a ji ta a zaune, daga farko har ƙarshe. Don Allah ka karanta kai kaɗai tukuna kafin ka nuna wa Anti. Bari kuma in fara da abin da zuciyarka za ta fara tambaya: babbar 'yarka da ka bar mana don ta ƙarasa makaranta, wadda kake kira Likita tun tana rarrafe, lafiyarta ƙalau, ba abin da ya taɓa ta. Amma maganar tata ce, kuma ba ƙarama ba ce.

Ka tuna asusun da ka buɗe mata a manhajar nan ta sauraro, don ta riƙa jin darussa da karatu? Tana jin darussan, ni shaida ce. Sai dai da yake a ƙasar da kake aka yi rajistarsa, akwai waƙoƙi da yawa da suke buɗewa a wayarta, alhali a wayoyin ƙawayenta sunan waƙar kawai ake gani a dushe, in an taɓa a ce ba a samunta a wannan ƙasa. Wannan ya sa falonmu ya zama wurin haɗuwarsu duk ranar Asabar da la'asar. Yara ne masu natsuwa, yawancinsu ɗalibaina ne, nakan zauna a gefe ina duba takardun aji ina jinsu. Ba ruwansu da mawaƙan da kowa ya sani. Su abin sonsu mawaƙin da ba shi da kamfani, wanda yake waƙa a ɗakinsa ya ɗora da kansa, kuma babban abin alfaharinsu shi ne a ce wane ne ya fara gano wane tun ba wanda ya san shi. Da zarar mawaƙi ya yi suna sai su yamutsa fuska su ce ya lalace. Na taɓa tambayarsu ko addu'ar rashin kasuwa suke yi wa waɗanda suke ƙauna, suka yi ta dariya.

A nan na fara jin kiɗan mutanen Japan da suka mutu a kansa. Yaya, ba irin kiɗan da muka sani ba ne. A hankali yake tafiya, a taɓa tsirkiya ɗaya a tsaya, a bar shiru ya yi tsawo har ka zaci waya ta mutu, sannan a sake taɓawa. A bayan muryar kana jin ruwan sama a kan rufi, ko jirgin ƙasa yana wucewa can nesa, ko kukan ƙwari a cikin bishiya. Ran da Inna ta fara ji, tambaya ta yi ko yarinyar da ke waƙar ba ta da lafiya ne, in kuwa yunwa ce a kai mata abinci. Ni kuma na sa Likita ta yi mini bayani kamar yadda nake sa ɗalibaina, kuma ka so ka ga yadda idonta ya kawo haske. Ta ce shirun nan da ke tsakani shi ma cikin waƙar yake, ba a cike shi, kuma waɗannan mawaƙan suna son mai sauraro ya ji wurin da aka yi waƙar, ba muryar kawai ba. Maganar ta shige ni har na ɗauke ta zuwa aji, na koya wa yara inda ake tsayawa a numfasa in ana karanta rubutacciyar waƙa. Ranar na dawo gida ina jin 'yar wana ta koya mini aikina, kuma ban ji kunya ba, daɗi na ji.

Daga sauraro sai ta fara yi da kanta. Da tsohuwar kwamfutar Auta, da wani ɗan fiyano da ya daɗe yana shan ƙura a ɗakin ajiyar makarantarmu, wanda shugabar makaranta ta ba ta aro. A ɗakinta na sama take yi bayan ta gama aikin gida, kuma da gangan take barin taga a buɗe don ƙarar layinmu ta shiga, kamar yadda ta ji waɗancan suna yi. Yaya, 'yarka tana da murya. Ban san daga ina ta kwaso ta ba, don ni da kai ko tafi ba mu iya a kan ƙa'ida ba. Waƙoƙin kuma tsaf suke, na saurare su duka: akwai ta kewar iyaye, akwai ta ruwan sama, akwai wadda ta yi a kan hannun Inna. Ta roƙe ni kada in gaya maka, in bari sai ka zo hutu ta rera maka da bakinta, na ga ba laifi, na yarda. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne ba ta nuna fuskarta. Da yawa daga mawaƙan Japan ɗin da take so haka suke yi, zane ne yake tsaya musu a madadin hoto. Ƙawarta, 'yar telan da ke kusa da mu, ta zana mata wata yarinya mai manyan idanu a ƙarƙashin lema, tana riƙe da tsuntsu na naɗaɗɗiyar takarda. Ba suna, ba gari, ba fuska. Na ce a raina ai wannan ya fi ɓoyo.

Masu sauraronta ba su da yawa, kuma a warwatse suke. Manhajar tana nuna wa mawaƙi taswira mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo garin da ake jinsa, kuma takan kawo mini in gani tana murna, ga ɗaya a nan, ga wani can bayan teku. Suna kiran kansu masu kunne, suna da zaurensu a intanet, kuma suna da wani wasa: kowa ya rubuta a ƙarƙashin waƙa abin da ya jiyo a bayan murya. Da farko abin gwanin daɗi. Wani ya ce ya ji cokali yana kaɗawa a kofi. Wata ta ce ta ji tarin tsohuwa, ta yi mata addu'ar samun sauƙi. Da aka gaya wa Inna sai ta gyara zama ta ce ashe ita ce tauraruwar, jikarta 'yar amshi ce kawai, daga yau duk mai son tari sai ya nemi izini.

Amma akwai ɗaya a cikinsu da yake kiran kansa Jemage. Shi ne ya fara sauraronta tun waƙar farko, kuma ba ya gajiya da tunatar da kowa haka. Nasa rubutun daban yake. Sauran in sun ji abu su faɗa su wuce, shi kuwa sai ya zauna a kansa. Ya rubuta cewa ƙarar da ake ji a waƙar ruwan sama ba ƙararrawa ba ce, tsohon wilin mota ne aka rataye ake bugawa, kuma wilin ya tsage, don haka akwai makaranta da ba ta fi jifa ba daga ɗakin. Yaya, wilin makarantarmu ne, tsagewar da ke jikinsa ni na san ta. Ya rubuta cewa akwai mai faci a layin, injinsa na iska yana tari kafin ya tashi. Ya ce keken ɗinkin da ake ji na ƙafa ne, ba na lantarki ba. Ya ce ɗakin a sama yake, tagar kuma titi take kallo. Sauran suna ta yaba masa, wai ba a taɓa kunne irin nasa ba. Daga nan ya roƙe su kowa ya ɗauko ƙarar tashin makarantun garinsu ya turo masa, su kuma suka ɗauka wasa ne, suka yi ta turowa. Sai wata rana ya rubuta cewa tun da shi ya fara jin muryarta, shi ya cancanci ya fara ganin fuskarta. Wasu suka tsawata masa, suka ce ba haka ake yi ba, wanda ya ɓoye fuska a bar masa abinsa. Bai yi musu ba. Fita kawai ya yi daga zauren, ya daina rubutu a can.

Likita ba ta gaya mini wannan ba a lokacin, ta ɗauka ya yi fushi ya tafi, an huta. Abin da ya kawo ta wurina taswirar ce. Akwai wani gari mai nisa da mai sauraro ɗaya tak yake da shi, kuma Jemage da bakinsa ya sha faɗin a can yake. Ɗigon ya ɓace. Bayan 'yan kwanaki sai ta ga an sami ƙarin mai sauraro a garinmu, ban da ƙawayenta da ta san su, kuma waƙa ɗaya yake maimaitawa daga safe har yamma, ta ruwan saman nan mai ƙarar wili. Ta miƙo mini wayar in gani. Na yi mata irin maganar da babba yake yi wa yaro, na ce gari da faɗi, makarantu da yawa, wili kuma ba a kanmu aka fara rataye shi ba. Na faɗa ne don ta ci abinci. Ni kaina ban iya ci ba.

Ba a yi mako ba mai facin layinmu ya tare ni ina dawowa daga makaranta, yana dariya tun kafin ya fara magana. Ya ce Malama, in zo in ji sabuwar haukar da ta shigo gari. Wai wani mutum ya zo masa, ba mota, ba babur, ko keke babu, da tsabtarsa da ladabinsa, da wani babban abin sauraro da ya rufe masa kunnuwa duka biyu. Ya roƙe shi ya tayar masa da injin iska. Ya tayar. Ya ce ya kashe. Ya kashe. Ya ce ya sake tayarwa. Shi kuma yana riƙe da waya kusa da injin, yana ji yana lumshe ido, can sai ya yi murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Mai faci ya ce shekara da shekaru yana zagin injin nan saboda tarinsa, ashe akwai masoyinsa a duniya, in mutumin yana so ya zo ya aure shi ya huta. Na yi dariyar da ta kamata, na ƙarasa gida. Ba yaro ba ne, Yaya. Na gan shi daga baya. Ya girmi Auta, yana da furfura kaɗan a gemu, irin mutumin da in ya yi maka sallama a hanya za ka amsa ba tare da tunanin komai ba. Mai gadin makarantarmu ma ya ce ya sha ganinsa a bakin ƙofa lokacin tashi, ya zaci uban wani yaro ne. Tun daga ranar a bencin mai faci yake wuni.

Sai kuma tsuntsaye suka fara bayyana. Ƙananan tsuntsaye na farar takarda, an naɗe su tsaf, irin wanda yarinyar cikin zanen take riƙe da shi. An fara ganinsu a tagar mai kemis da ke bakin layi, sai a ƙofar gidan mai wanki, sai a kan katangar tela. Yaran layi suna tsinta suna wasa da su, iyayensu ba su san ma'anarsu ba. Gida-gida yake bi, kamar mai jiran ya ga inda za a ɗauka a shigar ciki. 'Yar tela da ta ga ɗaya a katangarsu sai da ta kwana biyu ba ta je makaranta ba, tana kuka wai ita ta jawo, da ba ta zana tsuntsun ba. Na je na zaunar da ita na ce zane ba laifi ba ne, kuma kada in sake jin ta ɗora wa kanta abin da wani babban mutum ya zaɓi ya yi.

Mun yi abin da hankalinmu ya ba mu. Muka rufe tagar, muka rataya bargo. Akwai wata gajeriyar waƙa da ta riga ta yi wa masu sauraronta alkawari, ta ce bari ta yi ta a rufe, ya ji ba sauran abin da zai tsinta, ko ya haƙura. Ba ta daɗe da ɗora ta ba ya dawo ya rubuta a ƙarƙashinta cewa ya ji an rufe taga, kuma mutum ba ya rufe taga sai in ya hango wani a waje. Ranar ta cire waƙoƙinta duka daga manhajar. Ina zaune a bakin gadonta ta yi, ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan ta Inna sai ta kifa kai. To ka san abin da ya biyo baya? Waɗannan yaran masu kunne sun saba waƙa ta ɓace musu dare ɗaya, a ce ba a samunta a ƙasarsu ko kamfani ya janye ta, don haka duk abin da suke so sukan ajiye shi a wayoyinsu. Da suka ga nata sun ɓace, sai suka zaci zaluntarta aka yi. Suka tashi tsaye don ƙauna, kowa ya ɗora abin da ya ajiye, suna kira a yaɗa kada muryarta ta mutu. Yanzu waƙoƙin suna wurare fiye da da, kuma ba ta da ikon cire ko ɗaya. Ta rubuta musu ta roƙe su, wasu suka ji, wasu suka ce ba ita ba ce, kamfani ne yake magana da sunanta.

Na ɗauki Auta muka je wurin 'yan sanda. Jami'in da muka samu ya saurare mu da mutunci, har ya rubuta, amma ya ce zama a kan benci da naɗe takarda ba laifi ba ne a doka, in mutumin ya yi wani abu mu kira su nan take. Na tambaye shi wane abu ne za mu jira ya yi, ya sunkuyar da kai. A hanyar dawowa Auta yana ta huci, wai a bar shi da mutumin, minti kaɗan ya ishe shi ya koya masa wani sabon kiɗa. Da ƙyar na riƙe shi. Na ce in ya fito daga ƙofarmu ya nufe shi da faɗa, ai ya nuna masa gidan da ya daɗe yana nema. Mai faci kawai na gaya wa cewa mutumin bai kwanta mini ba saboda ɗalibaina mata, shi kuwa bai tsaya tambaya ba, ya kore shi daga bencinsa da baƙar magana. Mutumin ya tashi. Ya tsallaka titi ya koma inuwar shagon da aka rufe, yana zaune a nan kullum.

Abin da ya rage mana shi ne bai san fuskarta ba, muryarta kawai ya sani. Don haka ta daina magana a waje. A gida ma raɗa take yi. Yarinyar da kake ce wa rediyo saboda surutu, yanzu in Inna ta kira ta daga tsakar gida ba ta amsawa, sai dai ta sauko ta tsaya a gabanta. Inna ba ta san komai ba, tana ta mita wai jikarta ta fara girman kai tun ba ta zama likitan ba. Shi kuma sai na lura ya daina sa abin sauraron nan. Yana rataye a wuyansa. Ba waya yake saurare ba yanzu, layin yake saurare. Kuma ya fito da wata dabara: in an tashi daga makaranta 'yan mata suna wucewa, sai ya riƙa gaishe su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, sannu da dawowa, ya karatu. Yaran kuwa mun koya musu amsa gaisuwar babba, suna amsawa suna wucewa.

Shekaranjiya aka hana ni tashi da wuri saboda taron malamai, ta biyo ƙawayenta su kaɗai. Ya gaishe su. Kowace ta amsa, ita ta yi shiru ta sunkuyar da kai. 'Yar tela ta ce ya sake gaishe ta, ita kaɗai, a hankali. Ba ta amsa ba. Sai ya miƙe tsaye. Bai bi ta ba, tsayawa kawai ya yi yana kallonta da irin murmushin da mai faci ya ba ni labari. Allah ya ba 'yarka hankali a wannan lokacin, Yaya: ba ta shiga gida ba. Ta wuce ƙofarmu kamar ba ta san ta ba, ta zagaya ta bayan layi ta koma makaranta, ta same ni a ɗakin malamai. Ta raɗa mini cewa ya gane ta.

Ba ta sake taka layinmu ba. A gidan shugabar makaranta ta kwana, cikin harabar makaranta, ni na kai mata kayanta a cikin jakar takarduna don kada a ga an fita da akwati. Jiya da safe mijin shugabar ya fitar da ita a motarsa ta ƙofar baya, Auta yana tare da ita, suka kai ta gidan babbar yayarmu, Yaya Babba, a garin da take aure. Sun isa lafiya, na ji muryarta a waya, muryarta sosai ba raɗa ba, har sai da na nemi wuri na zauna. Shugabar ta yi magana da makarantar da ke can, za ta rubuta jarrabawarta a wurinsu, littattafanta kuma zan aika mata. Ga abin da ya sa na rubuto ke nan: na ɗauke 'yarka daga gidan da ka ajiye ta, na kai ta wani gari ba da izininka ba. Lokaci bai ba ni damar jiran amsarka ba. In akwai faɗa, ni za ka yi wa, na shirya.

Roƙona gare ka shi ne, in ka kira ta, kada kalmar farko ta zama tuhuma. Tsoro ya riga ya yi mata abin da faɗa ba zai ƙara komai a kai ba. Ta bar fiyanon a nan, ta ce in mayar wa makaranta, ba za ta sake buƙatarsa ba, kuma wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai. Na daɗe ina koyar da yara, na san yadda yaro yake in ya rufe wani abu a cikinsa ya jefar da makulli, ba kowa ne yake sake buɗewa ba. Kada ka rufe mata asusun nan, ba shi ya jawo ba. Kuma ka yi tunani, kai da Anti, a kan inda za ta zauna bayan jarrabawa, don ni ban ga ranar da zan dawo da ita ɗakin nan ba. Yaya Babba ta ce gidanta gidanta ne har sai kun yanke shawara. Inna mun ce mata karatu ne ya kai ta can, ta ce to Allah ya sa in ta dawo ta dawo da bakinta. Ina ganin kai ya kamata ka gaya mata gaskiya, daga bakinka za ta fi ɗauka.

Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Anti man shafawar ya kusa ƙarewa, kuma a turo hoton yara wanda suke tsaye, ba wanda suke gudu ba. Auta yana gaishe ka, da Yaya Babba da maigidanta. Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka riƙe hannunta in za ka gaya mata. Ka shafa mini kan yaran, ka ce gwaggonsu tana tambayar ƙarshen labarin kifin da suka fara ba ni a waya. Ku sa mu a addu'a. Yau da na dawo daga makaranta yana nan a inuwar shagon. 'Yan mata suka wuce, bai gaishe da ko ɗaya ba. Ni ya gaisar, ya ce Malama sannu da dawowa, ya tambaye ni ya mutanen gida. Allah ya tsare mu da ku, ya sa mu ga juna cikin aminci.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Malamar gidanku